Kakaki, Badujala da Mabusan Balkan

Duk wanda ya kalli bikin busa na garin Guča a ƙasar Sabiya, wanda aka fara a 1961, zai ga abin da ya sani: mabushi na zufa, mai rawa na manna masa takardar kuɗi a goshi, wani na cusa ta a bakin ƙahon. Liƙi ke nan, ba ragi. Da yawa daga gwanayen wannan busa 'yan ƙabilar Roma ne, mutanen da ake nema ranar biki, a kuma raina su washegari. Maroƙan ƙasar Hausa ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan.

Ƙahon nasu daga bariki ya fito. Turkawan da suka mulki yankin Balkan suna da makaɗan yaƙi masu ganguna da zurna, 'yar'uwar algaitarmu. A 1831 Yarima Miloš na Sabiya ya kafa ƙungiyar badujala irin ta Turai, kuma sannu a hankali sojojin da suka koma ƙauye suka tafi da busar gida. Ta shiga bikin aure da jana'iza, ta ɗauki zafin zurna. Daga nan ne irin su Boban Marković da Fanfare Ciocărlia, 'yan wani ƙaramin ƙauye a Romaniya, suka hau manyan dandamalin duniya.

Kano ma ta karɓi ƙaho har sau biyu, amma kowanne ya tsaya inda aka ajiye shi.

Na farko shi ne kakaki. Tarihin sarakunan Kano ya lissafa shi cikin abubuwan da Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya soma. Tun daga lokacin alamar mulki ne. Attajirin Kantin Kwari zai iya sayen dilar atamfa ɗari, ya tara makaɗa a bikin 'yarsa, amma kuɗi ba sa sa a busa masa kakaki. Wannan tsari ya kare martabarsa, ya kuma hana shi yawo.

Na biyu ya shigo da sojojin Ingila a 1903. Da jirgin ƙasa ya iso, aka kafa Sabon Gari a 1913, sai bigila da manyan ƙahonin tagulla suka sami gida a coci, da faretin makaranta, da wuraren kiɗan highlife. A idon mutanen birni kuwa, kiɗan bariki ne, kuma kalmar bariki ba yabo ba ce. A ganina nan gizo ke saƙar: a Balkan soja da manomi mutum ɗaya ne, alhali a Kano Turawa sun raba mazaunan da doka, suka bar Fagge da kantunan 'yan Labanan a tsakani. Atamfa ta ƙetare wannan iyaka kullum, ƙaho bai ƙetare ba.

Sai dai ranar Hawan Nasarawa, idan Sarki ya ratsa Sabon Gari, kakaki da algaita kan bi ta ƙofar cocin da ake ajiye ƙahonin tagulla, su wuce Fagge, su koma cikin ganuwa.