Duwatsun Italiya Da Tafiyar Maganar Allah

Karatu: Ayyukan Manzanni 28:11-31

 

Kowace shekara ɗalibai da malamansu daga ƙasashe dabam dabam sukan haɗu ƙungiya ƙungiya su tafi Italiya ziyarar koyo. Sukan yi mako ɗaya ko biyu cikin babbar mota, mai ja-gora yana yi musu bayanin tsofaffin gine-gine, da zane-zane, da gonakin karkara. Yawancinmu ba mu da halin wannan tafiya, amma tarihin da ke cikin duwatsun nan ya shafe mu. Yau za mu bi hanyar da irin wannan ƙungiya takan bi, daga kudu zuwa arewa, mu ya da zango a wurare shida. A kowane zango tambaya ɗaya za mu yi: ta yaya Maganar Allah ta kai ga talaka wanda ba ya jin harshen malamai, bai kuma iya karatu ba?

Zango na fari: Hanyar Afiyas

Kusa da birnin Nafoli akwai wani gari a bakin teku da ake kira Fozuwoli, wato Butiyoli na Littafi Mai Tsarki. A zamanin Romawa a nan ne jiragen ruwa masu ɗauke da alkamar Masar suke sauke kaya. Wajen shekara ta 60 bayan haihuwar Almasihu, wani jirgin Iskandariya ya sauke Manzo Bulus a wannan tasha, yana ɗan sarƙa. Luka ya gaya mana cewa sun tarar da 'yan'uwa a garin, suka kwana bakwai tare da su. Ku lura, bishara ta riga Bulus isa Italiya, Littafi kuwa bai faɗi sunayen waɗanda suka kai ta ba.

Daga nan suka kama babbar hanyar Roma, wadda wani shugaba mai suna Afiyas Kalaudiyas ya fara ginawa a shekara ta 312 kafin haihuwar Almasihu domin tafiyar sojoji. An shimfiɗa ta da manyan baƙaƙen duwatsu, har yau kuwa akwai wuraren da mutum zai taka su da ƙafarsa. A 2024 hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihi na duniya. Masu bi na Roma sun fito taryen Bulus har Kasuwar Afiyas, tafiyar kilomita kamar 65 daga birni, wasu kuma suka tsaya a Maciya Uku, kamar kilomita 50. A lokacin wannan yanki fadama ce mai sauro da zazzaɓi. An janye ruwanta a shekarun 1930, yanzu gonaki ne masu albarka. Hanyar da aka gina domin yaƙi, ita ce ta kai mai wa'azin salama fadar Kaisar.

Zango na biyu: Kaburburan ƙarƙashin ƙasa

A cikin Roma, abin da baƙo yakan fara nema shi ne Kolosiyum, babban filin wasa mai ɗaukar mutum kamar 50,000. Bulus bai gan shi ba, gama a shekara ta 80 aka buɗe shi. Tsanantawa ta farko ta riga shi: a shekara ta 64 gobara ta cinye yawancin birnin, Sarki Niron ya ɗora wa Kirista laifin, aka kashe su da yawa. Bisa ga tarihin Ikkilisiya, a zamaninsa ne aka kashe Bitrus da Bulus.

Masu bi na farko ba su da majami'u. A gidaje suke taruwa, kamar ikkilisiyar da ke gidan Akila da Bilkisu wadda Bulus ya gaisar a Romawa sura 16. Abin da suka bar mana yana ƙarƙashin ƙasa. Dokar Roma ta hana binne gawa a cikin birni, saboda haka suka haƙa dogayen hanyoyi cikin wani dutse mai taushi a bayan gari, suna sassaƙa gurbi a jikin bango, ɗaya bisa ɗaya. Na Kalistus, wanda ke bakin Hanyar Afiyas, yana da hawa huɗu, tsawon hanyoyinsa kuwa ya kusa kilomita 20. Mutane da yawa suna tsammani gidajen ɓuya ne, amma makabarta ce. Sunan da Kirista suka ba makabarta a harshen Helenanci kuwa, ma'anarsa wurin barci.

A bangayen nan ne zanen Kirista ya fara. Za ka ga makiyayi ɗauke da tunkiya a kafaɗa, da Yunusa yana fitowa daga cikin kifi, da Daniyel tsakanin zakoki, da samari uku cikin tanderu, da Li'azaru yana fitowa daga kabari. Duk labaran ceto ne daga mutuwa. Akwai kuma alamar kifi, domin haruffan kalmar kifi a Helenanci su ne farkon kalmomin Yesu Almasihu, Ɗan Allah, Mai Ceto. Yawancin rubutun da ke kan tsofaffin kaburburan da Helenanci ne. Ikkilisiyar Roma cike take da baƙi da bayi daga ƙasashe da yawa, kowa da harshen gidansu, Helenanci ne ya haɗa su, kamar yadda Hausa take haɗa mu a majami'a.

Zango na uku: Daga ɗaki zuwa babban zaure

Tsanantawa mafi zafi ta fara a 303, zamanin Sarki Diyokletiyan, inda aka rushe wuraren sujada aka ƙone Littattafai. Shekara goma bayan haka, a 313, Sarki Konstantin da abokin mulkinsa Likiniyas suka amince a birnin Milan cewa kowa ya bi addininsa a sake. Da Kirista suka tashi gini, ba su kwaikwayi haikalin gumaka ba, gama haikali ɗakin gunki ne, jama'a a waje suke tsayawa. Sai suka ɗauki fasalin basilika, wato dogon zauren da Romawa suke shari'a da ciniki a ciki, mai ginshiƙai jeri biyu da tagogi a sama, domin taro ya shiga ya ji karatu. Wanda yake so ya ga yadda suke, sai ya je majami'ar Santa Sabina, wadda aka gina tsakanin 422 da 432. A ƙofarta ta katako akwai ɗaya daga cikin tsofaffin siffofin gicciyewar Yesu da suka rage a duniya.

A wannan zamani mutanen Roma sun daina jin Helenanci sosai. A 382 Bishop Damasus ya sa wani malami mai suna Jerom ya gyara fassarar Latin, Jerom kuwa ya ci gaba har ya fassara Tsohon Alkawari daga Ibrananci, ya gama wajen 405. Latin ne harshen kasuwa a lokacin. Amma harshe ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da shekaru suka yi ta wucewa, maganar mutane ta sāke, kowane yanki da irin tasa, Latin kuma ya zama na malamai kaɗai. Wajen shekara ta 600 Paparoma Giregori ya rubuta wa wani bishop da ya farfasa siffofi, ya ce masa kada a yi wa zane sujada, amma a bar shi, domin abin da rubutu yake yi wa mai karatu, shi ne zane yake yi wa wanda bai iya ba. Dalili ke nan bangayen majami'un Italiya suka cika da labaran Littafi Mai Tsarki.

Zango na huɗu: Ƙauyukan Umbiriya

In mota ta bar Roma ta nufi arewa, sai ta shiga ƙasar tuddai. Garuruwa suna kan tudu da ganuwa, domin a dā yaƙi bai cika ƙarewa ba, a gangare kuwa itatuwan zaitun ne, da inabi, da alkama. Baƙo yana ganin kyau, amma manoman nan sun sha wuya. Ɗaruruwan shekaru suna noman raba-biyu, mai gona ya kwashi rabin amfani, su da iyalinsu su ci rabi. Sai a 1964 doka ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniya irin wannan.

A garin Asisi aka haifi Faransis wajen 1182, ɗan wani attajiri mai sayar da yadi. Ya bar gādon ubansa, ya shiga jinyar kutare, yana wa'azi ƙauye ƙauye da harshen da manoma suke ji. A Kirsimati na 1223, a ƙauyen Gireco, ya sa aka kawo komin dabbobi da ciyawa, da sa, da jaki, a cikin wani kogo, domin talakawa su gani da idonsu irin talaucin da aka haifi Mai Ceto a ciki. Ya kuma tsara waƙar yabon Mahalicci da harshen Umbiriya, tana cikin tsofaffin waƙoƙin da aka rubuta da harshen mutanen Italiya. Ya rasu a 1226. Bayan shekara biyu aka fara gina babbar majami'a domin tunawa da shi, a bangonta akwai zane 28 na labarin rayuwarsa, waɗanda aka saba danganta su ga mai zane Joto. A irin wannan zane mutane suna da fuska irin ta maƙwabcinka, suna kuka, suna mamaki. Girgizar ƙasa ta 1997 ta rushe wani ɓangare na rufin, aka tsince gutsattsarin aka sāke haɗawa.

Zango na biyar: Fulorans da tsadar kyau

Fulorans birnin masu saƙar ulu ne da masu banki. Ƙubbar babbar majami'arsu, wadda Buruneleski ya gina daga 1420 zuwa 1436, ta ci tubali fiye da miliyan 4, ya kuma ɗaga ta ba tare da kafa katakon da zai tallafe ta daga ƙasa ba. A gabanta akwai ɗakin baftisma wanda Giberti ya yi shekara 27 yana ƙera masa ƙofar tagulla, da labarai goma na Tsohon Alkawari, daga Adamu har Sulemanu. A birnin ne kuma Mikelanjelo ya sassaƙa siffar Dawuda daga dutsen marmara guda, tsayinta mita 5, ya gama a 1504.

Baiwa ce daga Allah, ba shakka. Amma kyau yana da tsada, wani ne kuma yake biya. A can Roma, a 1506, aka fara sabuwar majami'ar Bitrus, ba a keɓe ta ba sai 1626. Wani ɓangare na kuɗin ya fito daga sayar da takardun sassauta hukuncin zunubi, har a ƙasar Jamus. Abin da ya sa Martin Luta ya ta da murya a 1517 ke nan, Ikkilisiyar Yamma kuma ta rabu. Dattawan da suke shirin ginin majami'a, ku riƙe wannan: yadda aka tara kuɗin gini yana iya rushe abin da ginin ba zai iya gyarawa ba.

Zango na shida: Kwarin Waldawa

Ba kowace ƙungiya take kaiwa nan ba, gama babu ƙubba, babu zinariya. A yamma da birnin Turin, cikin duwatsun Alfa, akwai wata ƙaramar jama'a da ake kira Waldawa. Asalinsu wani attajiri ne na birnin Liyon a Faransa, mai suna Waldo, wanda wajen 1173 ya biya aka fassara masa Bishara da harshen garinsu, ya rabar da dukiyarsa ya shiga wa'azi. A 1184 aka fitar da su daga Ikkilisiya. Waɗanda suka rage suka fake a kwaruruka. Masu wa'azinsu ana kiransu barba, wato kawu. A kwarin Angironya har yau ana nuna wani ƙaramin ɗakin dutse inda aka ce a nan suke haddace Nassi da hunturu, sa'an nan su fita biyu biyu kamar 'yan koli, suna shiga gida gida.

A lokacin Ista na 1655 sojojin mai mulkin Saboya suka faɗa musu, suka karkashe maza da mata da yara. Ba su sami 'yancin 'yan ƙasa ba sai ran 17 ga Fabrairu 1848, har yanzu kuwa sukan hura wuta a kan duwatsu a daren jajiberen ranar. A 2015 Paparoma Faransis ya shiga majami'arsu a Turin ya roƙi gafara saboda abin da aka yi musu. Ita ma Ikkilisiyar Katolika, bayan babban taronta na 1962 zuwa 1965, ta buɗe ƙofa a yi sujada da harshen kowace al'umma.

Abin da za mu koma gida da shi

'Yan'uwa, mun ga Maganar Allah ta bi hanyar sojoji, ta shiga Helenanci, ta shiga Latin, ta hau bango ta zama zane, ta sauka a komin dabbobi, ta zauna a kan kawunan Waldawa. Duk lokacin da harshen sujada ya yi nisa da harshen gida, talaka ne yakan zauna da yunwa, sai Allah ya ta da wani ya rage nisan.

Mu ma mun sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, muna kuwa godiya, gama da shi ne kabilu da yawa suka zama iyali ɗaya. Amma a gidaje da dama akwai kaka wadda ba ta kama Hausar wa'azi duka, akwai kuma jikan da ya fara manta harshen kakarsa. Maigida, uwargida, in an gama wannan shiri, ku karanta Ayyukan Manzanni sura 28, ku sāke faɗar labarin da yarenku, tsoho da yaro su ji. In ana aikin fassara a harshenku, ku tallafa da addu'a, da lokaci, da abin hannu.

Ubangiji ya sa Maganarsa ta zauna a gidajenmu. Sai mun sāke saduwa a shiri na gaba, ku huta lafiya. Amin.