Shehu Musa 'Yar'aduwa: Sojan da Ya Ajiye Bindiga Ya Nemi Ƙuri'a

Ranar 1 ga Oktoba 1996 da aka yanke mana jihar Gombe daga Bauchi, muna ta murna, Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa yana kurkuku. Yaranmu da yawa ba su san shi ba, alhali a tarihinsa akwai abin da ya shafe su.

An haife shi a Katsina a 1943. Mahaifinsa, Musa 'Yar'aduwa, minista ne a Jamhuriya ta Farko. Ya yi horon soja a Sandhurst ta Ingila. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, ya yi yaƙi a runduna ta biyu ƙarƙashin Murtala Muhammed, kuma yana cikin waɗanda suka kama Anacha a 1968 bayan an yi asarar rayuka masu yawa wajen ƙoƙarin ƙetare kogin Kwara. Da aka kashe Murtala a Fabrairun 1976, shi ya zama na biyu ga Obasanjo, har suka miƙa wa Shehu Shagari mulki a 1979, ya tuɓe kaki ya koma noma da kasuwanci.

Da ya shiga siyasa, bai tsaya a Katsina ba. Gari gari ya bi yana neman mutane, Bahaushe da Bayarabe da Ibo, har ya zo kan gaba a zaɓen fid da gwani na SDP a 1992, Babangida ya soke zaɓen. A 1994 mutanen Katsina suka tura shi taron tsara tsarin mulki. A can ne shi da mutanensa suka tsaya kai da fata sai soja sun sauka a Janairun 1996. A Maris 1995 gwamnatin Abacha ta kama shi bisa zargin juyin mulki, aka yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka mayar ɗauri. Ya rasu ranar 8 ga Disamba 1997 yana tsare a Abakaliki, a yankin da ya yi yaƙi yana saurayi. Ƙanensa Umaru ya zama gwamnan Katsina a 1999, shugaban ƙasa a 2007.

To, mu da muka ga zamanin 'yan kalare, mun san gidajen da aka yi zaman makoki saboda siyasa. Wannan bawan Allah ya ga yaƙi na gaske, ya san ƙamshin albarushi, amma da ya so mulki, roƙon ƙuri'a ya yi. Don me ɗanmu da bai taɓa jin ƙarar igwa ba zai ɗauki adda saboda kuɗin cefanen kwana ɗaya? Iyaye, idan zaɓe ya ƙarato, mu san inda 'ya'yanmu suke kwana.

Allah Ya jiƙan Tafidan Katsina, Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da unguwarmu lafiya. Amin.