Yadda 'Ya'yan Sabo Suka Shiga Makarantar Boko a Badun

Kowace shekara idan watan Satumba ya kama, makarantu suka buɗe sabon zango, maganar da ake yi a rumfunan Sabo ɗaya ce: shin ta gwamnati za a kai yaro ko ta kuɗi? To, wannan tambaya ba ta daɗe a bakinmu ba. Wadda iyayenmu da kakanninmu suka yi ta fama da ita ita ce: shin a kai shi ma kuwa? Ya kamata mu waiwayi yadda aka taso daga waccan zuwa wannan, domin akwai 'yan'uwanmu sababbin zuwa da suke tsaye yau a daidai inda kakanninmu suka tsaya.

A shekarar 1916 aka keɓe wa Hausawa wannan unguwa. Kafin nan fatakenmu a gidajen Yarbawa suke sauka a cikin gari. Jirgin ƙasa ya iso Badun a 1901, ya kai Kano a 1911, sai hanya ta buɗe: shanu su gangaro Kudu, goro ya hau Arewa. Waɗanda suka kafa Sabo ba da niyyar zama suka zo ba. Kowa cewa yake bari in haɗa ɗan jari in koma gida. Wasu da wannan magana a bakinsu aka binne su a nan, bayan sun ga jikoki.

Kada wani ya ɗauka yaran wancan zamani ba su da makaranta. Suna da ita, har guda biyu. Ta farko allo. Ta biyu gidan fatoma, inda yaro zai tashi a hannun maigida, ya koyi ƙirgan goro da ɗaurin huhu, ya iya duban sa ya faɗi kuɗinsa, ya san mahaucin da ake ba bashi da wanda ba a ba. Shanu na fam ɗari-ɗari ake sallamawa ba tare da an sa hannu a takarda ba, sai dai amana da shaidar dillali. Wasiƙa kuwa da ajami ake rubuta ta zuwa Kano ko Sakkwato. Yaron da ya ƙware a wannan, me zai je nema a aji? Ga shi kuma makarantun da ke gari a lokacin yawancinsu na mishan ne, kuma kowa ya ji labarin yaran da suka shiga da sunan Musulmi suka fito da wani suna daban.

Amma fa ba mu kaɗai muke da wannan tsoro ba. Yarbawa Musulmi ma sun ji shi. Abin da suka yi shi ne suka haɗa kuɗi suka kafa ƙungiyoyi irin su Ansar-ud-Deen, wadda aka fara a Ikko a 1923, suka gina makarantunsu na boko inda ɗansu zai yi salla ba mai harararsa. Su suka gina, namu suka ja da baya. A ganinmu a nan hanya ta rabu.

Sai ga shekarar 1955, gwamnatin Jihar Yamma ta Cif Obafemi Awolowo ta fara ilmin furamare kyauta. Kwalejin da ta zama Jami'ar Badun kuwa tun 1948 take nan, tafiyar da ba ta fi 'yan mil kaɗan daga ƙofar gidajenmu ba. Duk da haka 'yan Sabo ƙalilan ne suka shiga. A daidai waɗannan shekaru hankalin unguwa yana wani wuri: ɗariƙar Tijjaniyya ta kafu sosai, an fara sallar Juma'a a cikin Sabo, jama'a ta ƙara dunƙulewa. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna cikinmu a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 a kan yadda kasuwanci da ɗariƙa suka riƙe unguwar nan. Dattawan ba jahilai ba ne, lissafi suka yi, kuma a kasuwar wancan lokaci lissafin ya fita. Abin da bai shiga lissafin ba shi ne cewa jikokinsu a nan za su tsufa. Yaran maƙwabta da suka shiga aji ɗaya a 1955 su ne suka zama akawuna da lauyoyi da ma'aikatan haraji, su ne kuma aka riƙa biya su rubuta wa attajiran Sabo takardar koke.

Mu da muke cikin shekaru hamsin da wani abu, shirin UPE na 1976, zamanin Janar Obasanjo, shi ya same mu muna yara. A lokacin ne aka fara ganin yaran Sabo da yawa cikin yunifom. Wasu gidajen suka yarda, wasu suka ce Islamiyya ta isa, kuma da yawanmu a nan muka tsaya. Waɗanda suka shiga sun sha aiki: allo da asuba, boko da hantsi, Islamiyya da la'asar. Hutun allo Alhamis da Juma'a, na boko Asabar da Lahadi, watau yaro ba shi da ranar hutu ke nan. A ƙananan azuzuwa kuma da Yarbanci malama take bayani. Ga yaron da aka haifa a nan wannan ba komai ba ne, ya iya shi tun a wajen wasa. Wanda aka kawo daga Arewa shi ke zama kurma wata uku. Da Cif Bola Ige ya zama gwamnan Oyo a 1979 aka mai da har sakandare kyauta. Sai dai yawancin namu daga aji shida kasuwa suke wucewa, 'yan mata kuma ɗakin miji.

Makarantun kuɗi daga baya suka yawaita. Bayan tsarin SAP na 1986 Naira ta faɗi, albashin malamai ya riƙa makara, yajin aiki ya zama ruwan dare, aji ɗaya ya cika maƙil. Cikin shekarun 1990 kowane lungu sai ka ga allon sanarwa na sabuwar makaranta. Gaskiya a faɗe ta: waɗanda Musulmi suka buɗe, masu haɗa Alƙur'ani da Larabci da boko, su suka shawo kan iyayen da gwamnatoci uku suka kasa, musamman a kan 'ya mace. Amma ba duka ne na kirki ba. Akwai wadda ɗaki uku ce da ƙararrawa, ba ta da izinin ma'aikatar ilmi. Sa'an nan ɗan kasuwa samunsa ba na wata-wata ba ne. Bana an samu an kai yaro mai tsada, baɗi kasuwa ta juya bashi ya taru, makaranta ta riƙe sakamako, a ɗauke shi a kai wata ya sake aji. Mun ga yaron da ya zaga makaranta huɗu bai gama furamare ba. Wanda ya san aljihunsa ba zai ɗauki shekara shida ba, gara tun farko ya kai ta gwamnati ya ƙara da malamin darasi da yamma.

Ta wajen doka dai ba mai ikon hana ɗanka kujera. Dokar UBE ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas ne ga kowane yaro a Nijeriya, ba ta tambayi garin ubansa ba. A 2019 ma Gwamna Seyi Makinde ya soke Naira 3,000 da ake karɓa a makarantun jihar. Inda gizo ke saƙar shi ne can gaba, wajen neman jami'a da tallafin karatu da aikin gwamnati, inda ake tambayar takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Yaron da aka haifi kakansa a Sabo sai a ce ya tafi Arewa ya karɓo, ya je garin da ba wanda ya san shi sai dagaci ya tuna sunan kakan kakansa. Wannan ya sa gidaje da yawa suke tura yaro wajen dangi a Kano ko Zariya ya yi sakandare, don a san fuskarsa tun da wuri.

Yanzu ga 'yan'uwa da rashin zaman lafiya ya koro, na Borno da Yobe tun daga 2009, sai na Zamfara da Katsina da Sakkwato a bayansu. Suna Sabo, suna Ojoo, suna Shasha da Akinyele. Ka ce da mutum ya sa yaransa makaranta, sai ya ce, "Ai Alhaji ba zama muka zo yi ba, da ƙura ta lafa za mu koma." Allah ya sa ta lafa. Amma wasunsu sun shekara bakwai suna faɗin haka, yaron da aka zo da shi a goye ga shi yana tura baro a Bodija.

Abin da hedimasta yakan nema bai taka kara ya karya ba: takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, ko takardar rantsuwa daga kotu idan babu, da hoton fasfo, da sakamakon tsohuwar makaranta in akwai. Yaron da ya girma bai taɓa shiga aji ba za a gwada shi a sa shi inda ya dace, ko da cikin ƙannensa ne, kuma a nan ne yake bukatar a lallashe shi don kunya. Uban da bai jin Yarbanci ko Turanci shi ma kunyar ce ke hana shi shiga ofis. Saboda haka duk wanda yake da irin wannan maƙwabci, ya ware safiya ɗaya kafin rajista ta rufe, ya sa shi gaba da yaran su tafi tare.