Kowane Ilimi da Ƙofar Shigarsa

'Yan uwana ɗaliban Arewa, musamman mu da karatu ya kawo mu Kudu.

Jarrabawa ta ƙarato, kuma kowa ya san abin da zai biyo baya. Ajujuwa za su cika da dare, kowa ya rungumi takardun lakca yana maimaitawa har asuba. Mai karatun lauya hadda, mai lissafi hadda, mai koyon haɗa magunguna shi ma hadda. Idan sakamako ya fito wani ya haye, wani ya kwaso kari-oba, sai a ce kansa ne ba ya ja, ko a ce lakcara ne ya tsane shi. Ban ce ba a samun mugun malami ba. Amma yawancin ƙannenmu da na ga an kora, ko sun koma gida da sakamakon da ba ya nunuwa, wallahi ba daƙiƙai ba ne. Makami ɗaya suka ɗauko suka shiga kowane yaƙi da shi.

Abin da ke ba ni mamaki, mu ne fa jikokin mutanen da suka fi kowa sanin cewa kowane ilimi da hanyar koyonsa. Bari mu ɗan waiwaya.

A tsangaya, inda ake karatun Alƙur'ani, hadda ce sarauniya, domin abin da ake nema shi ne kada wasali ɗaya ya goce. Yaro zai fara da babbaƙu, ya wuce farfaru, ya rubuta a allo, ya biya wa malam, ya wanke, ya sake rubuta na gaba. Bayan sauka a koma tilawa da tishe. Amma ku lura, ko a nan ba karanta shafi sau ɗari ake yi da ido ba. Rufe littafin ake yi a kawo daga ka, wani yana saurare yana gyara. Gwani kuwa sai ya rubuta Alƙur'ani sukutum da ka. Wato gwada kai suke yi kullum, mu kuma sai ranar jarrabawa muke fara gano abin da bai zauna ba.

Da almajiri ya koma makarantar zaure sai salo ya sauya. A fiƙihu akwai matakala: Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, Askari, sannan Muhtasar. Duk kusan babi ɗaya suke zagayawa, tsarki da salla da sauransu, amma kowane littafi yana ƙara zurfi a kan na baya. Babu mai tsallakawa ya faɗa Muhtasar don ya ji an ce shi ne babba. Ɗalibi yana jan baƙi, malam yana fassarawa gaɓa-gaɓa, sauran suna zaune suna ji. Kafin layi ya zo kanka ka ji karatun na ƙasa da kai, wanda ya zame maka bita, ka kuma ji na sama da kai, wanda ya share maka hanya.

Nahawu kuma nasa daban. Ana haddace Alfiyyar Ibnu Malik, baiti kusan 1,000, amma ba a cewa mutum ya iya nahawu sai an ajiye masa jimlar da bai taɓa gani ba ya feɗe ta. Lugga da yawan karatu ake samunta, shi ya sa ake bi ta Ishiriniya da waƙoƙin Shu'ara da Muƙamatul Hariri. Ilimin gado kuwa lissafi ne tsagwaronsa. Ka haddace cewa matar mamaci tana da ɗaya bisa takwas idan akwai 'ya'ya, to madalla. Sai malam ya ce ga mamaci ya bar mata biyu da uwa da 'ya'ya mata uku da ɗan'uwa, raba. A nan hadda take tsayawa, aikin hannu ya karɓa.

Kada wani ya ce labarin baka ne. A 1812 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukhi, inda ya jero malamansa da na yayansa Shehu Usmanu, da littafin da aka karanta wurin kowa. Shehu ya ɗauki nahawu wurin Abdurrahman ɗan Hammada, Muhtasar wurin baffansa Usman Binduri, Sahihul Buhari wurin Muhammadu ɗan Raji, ya kuma bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Mutum kamar Shehu bai tsaya wurin malami ɗaya ba. Kowane fanni ya nemi gwaninsa, ko da tafiyar kwana da kwanaki ce.

Kafin su ma akwai Muhammad al-Kashinawi, Bakatsine, wanda ya tafi aikin hajji ya ƙarasa rayuwarsa a Alƙahira a 1741. A 1732 ya yi rubutu kan yadda ake jera lambobi a gidajen murabba'i ta yadda kowane layi, tsaye ko kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Gwada da 1 zuwa 9 a gida tara, kowane layi ya ba ka 15. Wannan kana iya haddace shi. Amma a gida 25 ko 49 fa? Sai wanda ya gane ƙa'idar, ya ɓata takarda yana gwadawa. Ita kuma Nana Asma'u, da ta ga matan karkara ba su da lokacin zaman zaure, sai ta zuba musu ilimin a waƙa da Hausa da Fulatanci, jajis suna kai wa 'Yan Taru. Ta duba mai koyo, ta zaɓa masa hanya.

Da boko ya zo, Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nassarawan Kano a 1909, aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922. A can an matsa sosai kan furta Turanci da baki, abin da ya fito fili a bakin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Harshe da magana ake koyonsa, ba da kallon littafi ba. Bayan an kafa Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, 'yan Arewa tsiraru suka gangaro nan Kudu kamar yadda muka gangaro. Iya Abubakar ya fita da daraja ta ɗaya a lissafi, ya wuce Kambirij, daga baya ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Jibril Aminu ya gama likitanci a Ibadan a 1965 yana kan gaba a ajinsu. Ba su da intanet, gida ya yi nisa, abinci baƙo, yare baƙo.

To me za mu ɗauka? Ni dai ga yadda nake kallonsa. Duk kos ɗin da aka ba ka, fara tambayar kanka: wannan ɗan gidan wane ilimi ne?

Idan sunayen ƙasusuwa ne da jijiyoyi, ko sassan doka, ko sunayen magunguna, to tsangaya ce. Rufe littafi ka kawo da ka, ka nemi wanda zai saurare ka, gobe ka sake, jibi ka sake.

Idan lissafi ne ko fiziks ko akanta, to gado ne. Duk daren da ka kwana kana kallon misalin da lakcara ya warware, ba ka warware sabo da hannunka ba, ka yi asarar barci kawai.

Idan tarihi ne ko siyasa ko adabi, to lugga ce da fiƙihu. Yawan karatu, jin saɓanin masana, sannan ka zauna ka rubuta naka da hujja. Mu da ke digiri na biyu mun ga yadda mai hadda zalla yake tsayawa cak ranar da aka ce ya kawo nasa ra'ayin.

Idan kuma ka ga kos ya gagare ka gaba ɗaya, wataƙila Muhtasar ka faɗa ba ka yi Ahalari ba. Koma littafin aji ɗaya, ko na sakandare ma, ba abin kunya ba ne.

Abu na ƙarshe, mu daina ƙunshewa mu kaɗai. Idan wanda ya fi iya lissafi a ajinku Bayerabe ne ko Ibo, je ka zauna kusa da shi. Wanda ya je Agadas neman malami ba zai ji nauyin tsallaka ɗaki biyu ba. Manyanmu kuma, a ci gaba da tutoriyal a masallaci, domin mai biya wa na ƙasa kansa yake yi wa bita.

Iyayenmu sun sayar da hatsi da dabba kafin mu zo nan. Allah Ya sa mu koma musu da abin da za su yi farin ciki, Ya ba mu ilimi mai amfani. Wanda yake da ƙani a aji ɗaya ya tura masa.