Uku-uku Ta Gama Gari: Yadda Murhu Ya Yi Kishiyoyi a Ƙasar Zoza

Yaron da ya taɓa zama a dandali da daddare ba ya jinkiri in an ce masa “uku-uku ta gama gari”. Murhu ne. Abin da kacici-kacicin bai hango ba shi ne wata rana duwatsun nan uku za su yi kishiyoyi. Ka shiga wani babban gida a Zoza yau, irin wanda uba da 'ya'yansa da matansu ke zaune wuri guda. Ga murhu a tsakar gida ya yi baƙi ƙirin. Ga kurfoti jingine da bango. Risho yana can kan katanga ya yi tsatsa, kaza na neman mayar da shi akurki. A ɗakin amarya kuwa ga 'yar tukunyar gas an lulluɓe ta da ƙyalle. Ba wanda ya kori wani. Kowanne ya shigo a zamaninsa, da dalilinsa, ya samu lungu ya zauna.

Zoza tana ƙaramar hukumar Rogo, a kusurwar da jihar Kano ta haɗa kafaɗa da Katsina da Kaduna. Ƙasar dawa ce da masara da rake, kuma ruwan sama ya fi na arewacin Kano kauri. An yi sa'a, yankin yana da shaidar da yawancin ƙauyuka ba su da ita. Baba mutuniyar Karo, wadda aka haifa wajen 1877 a wani ƙauye kusa da Zarewa, cikin ƙasar Rogon nan ta yau, ta zauna a Giwa tsakanin 1949 da 1950 ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta, aka buga shi a 1954. Wanda ya karanta zai ga girki ya wuce dafa abinci. Shi ne ma'aunin zaman aure: ranar girkin mace ita ce ranar mijinta, kuma kishiyoyi a bakin tukunya suke karɓa-karɓa. A duniyar Baba ba a zaɓen abin da za a dafa a kansa, don ɗaya ne tilo.

Ya kamata a yi wa murhu adalci, domin masu yi masa kallon koma baya ba su cika tsayawa su dube shi ba. Dutse uku ba ya rawa ko da ƙasa ba ta daidaita ba, abin da huɗu ba zai iya ba. Ana matso su in tukunya ƙarama ce, a buɗa su in ta biki ce. Tukunyar ƙasa gindinta zagayayye ne, ba ta zama a kan shimfiɗaɗɗen abu, amma tsakanin duwatsu sai ta zauna daram. Wuta kuma a hannun mai girki take: ta iza itace in tana so ruwa ya tafasa, ta janye in an zo talge, ta bar garwashi ya turara tuwo. Uwa uba tuƙi. Mace mai tuƙa tuwon mutum ashirin da muciya ƙarfinta duka take sawa, tukunya kuwa dole ta samu abin da zai riƙe ta. Har gobe wannan ne gwajin da sababbin murahu da yawa ke faɗuwa.

Sai makamashi, wanda shi ne asirin daɗewar murhu. Bayan kaka, karan dawa da totuwar masara suna nan tuli, daga gonar mai gida, ba a biya ko anini ba. Yara su tsinto ƙirare, a sassabo reshen marke ko darbejiya, a ajiye itace mai kauri saboda damina. Masu dafa mazarƙwaila ma da busasshen ɓawon raken da suka matse suke hura wutarsu. Toka ba ta zama shara ba: a wanke tukunya da ita, a tace ta a yi ruwan toka na miya, saura ya tafi juji ya koma gona taki. Gawayi a da kayan maƙera ne, musamman na ƙirya, ba na mata ba.

Aibin murhu biyu ne, kuma manya ne. Yawancin zafin wutar iska ke kwashewa. Abin da ke isa tukunya bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. Na biyu hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a gidaje ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a duniya a shekarar 2020. Wanda ya ga idon mace a madafi ranar da aka wuni ana ruwa, itace ya jiƙe, ga goyo a bayanta yana tari, ba ya bukatar lissafin.

Kishiya ta farko a jirgin ƙasa ta zo. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya riƙa kwasar gyaɗa yana sauke hajar Turai, ciki har da kananzir a garwa mai cin galan huɗu. Garwar ta fi abin da ke cikinta farin jini, don ita ce ta ba 'yan garuwa sunansu. Shi kansa kananzir shekaru da yawa aikin fitila ya yi. Wa zai ƙona abin da ya saya da kuɗi don dafa abin da kara ke dafawa kyauta? Risho mai famfo, wanda aka ƙirƙiro a Suwidin a 1892 da sunan Primus, ya fara ne a hannun ma'aikatan En'e da malaman makaranta da gwauraye da masu shayi, wato mutanen da ke da albashi ko ciniki amma ba su da rumbu. Sunan risho ma baƙo ne, daga Faransanci muka aro shi. Abin da ya fara canzawa a madafin ƙauye tukunya ce, ba murhu ba: ta ƙarfe ta shigo, daga baya ta dalma, wadda maƙeran fari ke zubawa daga tsofaffin tarkacen alminiyam, ta mamaye ko'ina. Da tukunya mai shimfiɗaɗɗen gindi ta yawaita, hanyar risho ta buɗe.

Zamanin risho na gaskiya shi ne na arzikin mai. Ƙarin albashin Udoji na 1974 ya zuba kuɗi a aljihun ma'aikata, matatar mai ta Kaduna ta fara aiki a 1980, gwamnati kuma ta riƙe farashin kananzir a ƙasa. Risho mai lagwani, irin Butterfly, ya yi arha. Ta wace ƙofa ya shiga ƙauye? Ta kayan ɗaki. Uwar amarya ba ta yarda 'yarta ta tare da ƙasa da abin da 'yar maƙwabciya ta tare da shi, saboda haka risho ya bi sahun langa da samira. A ganina wannan ƙofar ta fi duk wani shirin gwamnati shigar da sabon abin girki gidan Bahaushe. Sai dai a ƙauye aikinsa bai wuce shayin mai gida da ɗumame da ruwan zafin jariri ba. Tuwon dare yana nan inda yake.

Fari na 1973 da na 1984 ya sa hukumomi suka tsorata cewa murhu zai cinye itatuwan Arewa hamada ta shigo. Tsoron yana da tushe, amma wani bincike da Michael Mortimore da abokan aikinsa na Jami'ar Bayero suka yi, wanda aka buga a 1990, ya nuna abin mamaki: a gonakin da ke kewaye da birnin Kano itatuwa ba su ƙare ba, domin manomi yana sassabe reshe ne ya bar uwa, ɗorawarsa da kaɗanyarsa dukiya ce. Itacen da birni ke ci da yawa daga nesa manyan motoci ke kawo shi. Ma'ana, ba tsohuwa mai ƙirare ce ke share daji ba, kasuwar birni ce.

Sai aka shiga shekarun layin mai. Yajin aikin ma'aikatan man fetur na 1994 da lalacewar matatu sun sa kananzir ya zama sai an sha wuya. Masu walda da maƙera suka fito da mafita: wani murhun gwangwani da ake danƙara wa garin katako, a bar rami a tsakiya, ya yi ta ci a hankali. Jama'a suka laƙaba masa sunan shugaban ƙasa na lokacin, Abacha, sunan kuma ya bi har murhun gawayi na ƙarfe a wurare da dama. Daga nan gawayi ya bar maƙera ya shiga ɗakin mata. Ba shi da hayaƙi sosai, ana sayen na kuɗi kaɗan a leda, ba ya baƙanta tukunya kamar itace. Amma haɗarinsa ɓoyayye ne: kurfoti a rufaffen ɗaki lokacin hunturu yana fitar da iska mai guba marar wari, mai kashe mutum cikin barci. Kuma yin gawayi uwar bishiya yake ci, ba reshe ba, a tara itace da yawa a samu buhu kaɗan.

Risho ya farfaɗo bayan haka, amma da ƙafa ɗaya. Shekaru da dama farashin hukuma naira 50 ne lita, a takarda. Mutumin ƙauye da ke saye a kwalba wurin ɗan bumburutu bai san wannan farashin ba. A 2016 aka janye tallafin, kafin ƙarshen 2022 lita ta haura naira 1,000. Ba wanda ya yi shelar mutuwar risho. Lagwani ya ƙone, ba a sake sayen wani ba, shi ke nan.

Gas ne ya gaji gurbinsa a kayan ɗaki. Nijeriya ta daɗe tana ƙona iskar gas a banza a yankin Neja Delta, amma sai a 2007 kamfanin NLNG na tsibirin Bonny ya fara ware gas ɗin girki don kasuwar cikin gida. Abin da ya kawo shi hannun talaka ba babban murhu mai kai huɗu da gidan gashi ba ne, 'yar tukunyar nan ce mai kilo 3 ko 6, wadda ake ɗaura wa kan wuta a bisa, da kuma masu shago da ke auna maka rabin kilo in abin da kake da shi ke nan. Fiye da rabin zafinsa yana shiga tukunya, ba toka, ba kunkunniya, ana murɗawa ya kama. Amarya ta tashi da asuba ta dafa taliya ko shayi ba ta fita tsakar gida ba.

Duk da haka surukai da yawa ba su saki jiki da shi ba. “Ke 'yar nan, fitar da bam ɗin nan waje,” magana ce da amare da dama suka ji. Tsoron ba wauta ba ne: gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya ya taru, shi ya sa ake zuba masa wari da gangan don hanci ya riga ashana ganewa. Ga kuma tafiyar da yake yi. Daga bakin teku a tanka zuwa Kano ko Zariya, daga nan a mota ko babur zuwa Karaye da Rogo, kowane zango da kuɗinsa, kuma farashin yana bin dala. A watan Maris na 2021 Shugaba Buhari ya ayyana shekaru goma na gas. Kafin shekarar ta ƙare kuɗin cika tukunya ya ninka. Bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 da faɗuwar naira, kilo ya wuce naira 1,000. Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba: kara na gona ne, ba ya shiga lissafin cefane, gas kuwa daga aljihun mai gida yake fita duk mako. Hayaƙi a idon mace yake, kuɗin gas a wuyan namiji. Wanda ke shan wahalar daban, wanda zai biya maganinta daban.

Lantarki labarinsa gajere ne. Tun daga NEPA ta 1972 zuwa KEDCO da ta karɓi rarraba wuta a 2013, rishon lantarki bai wuce ɗakin ɗalibi da ma'aikacin da ya ci sa'ar layi ba. Dam ɗin Challawa da aka kammala a Karaye a 1992 ya kawo noman rani da kifi, abin da za a dafa ke nan, ba wutar dafawa ba. Sabon yayi a birane shi ne murhun maganaɗisu, wanda shi kansa ba ya zafi, tukunyar ce yake sa ta yi zafi, kuma ya fi kowa tattalin wuta. Sai dai ba ya aiki sai da tukunyar da maganaɗisu ke kamawa. Ta dalma, wadda ta cika madafan Zoza, ko ta kwana a kansa ruwa ba zai yi ɗumi ba.

An kuma yi ƙoƙarin gyara uwargidan, wato murhu, maimakon yi mata kishiya. A Nijar, bayan farin shekarun 1980, aka yaɗa murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi, wanda ke rungume tukunya ya tare iska. Cibiyar binciken makamashi ta jami'ar Sakkwato ta ƙera nata iri. Ga Save80, mai aiki da 'yan ƙirare, wanda yanzu ake haɗawa a Kano. A ƙarshen 2014 gwamnatin Jonathan ta amince da naira biliyan 9.2 don sayen murahu 750,000 a raba wa matan karkara, shirin ya ƙare cikin ce-ce-ku-ce. Matsalar irin waɗannan takan zama girma: an auna su da tukunyar mutum biyar, gidan gandu kuwa kwano talatin ake jerawa. Kuma karan dawa dogo ne, yana ci fuu kamar takarda, yana son baki buɗaɗɗe da mai zama kusa tana turawa.

Shi ya sa mai neman sanin abin da ake girki da shi a Zoza sai ya fara tambayar wata da kuma sa'a. Daga kaka zuwa bazara kara ne sarki. Ruwa na sauka, kara ya ƙare ko ya jiƙe, kasuwar gawayi ta tashi, masu hali su cika gas. A azumi tukunyar gas tana aiki da sahur, kunu da ƙosan buɗa-baki kuma a kurfoti. Ranar suna kuwa, tun da sassafe za ka ji wata gwaggo tana kiran yara su gangaro mata da manyan duwatsu daga bayan gida, a haƙa ɗan rami a tsakaninsu, mutum biyu su kama kunnen tukunya su ɗora.