Sayen Fili da Bayar da Haya a Yankin Bagudo da Iyakar Benin

Tambayar da jama'ar Bagudo da Ka'oje da Illo da Lolo suka fi yi mana ita ce: idan Dagaci ko Hakimi ya sa hannu a takardar ciniki, shin fili ya zama na mai saye? Muna sanar da jama'a cewa sa hannun Dagaci shaida ce mai ƙarfi, amma ba ita ce takardar mallaka ba. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa dukkan ƙasar jiha amana a hannun Gwamna. A wuraren da aka ayyana a matsayin birni, Gwamna ne ke ba da takardar shaidar mallaka ta hannun Ma'aikatar Filaye da ke Birnin Kebbi. A karkara kuwa, Ƙaramar Hukuma ce ke ba da izinin mallaka na gargajiya, har zuwa hekta 500 domin noma, ko hekta 5,000 domin kiwo. Abin da ya haura haka sai da amincewar Gwamna. Sayarwa ko jinginar da fili ma tana buƙatar yardar hukumar da abin ya shafa.

Kafin a biya kuɗi, a binciki asalin wurin. Idan na gado ne, a tabbatar an raba, kuma magada duka, har da mata, sun amince. Sau da yawa gonar da ake tallata wa mutum aro ce ko jingina, mai ita yana nan da ransa. A kuma tambayi dattawan gari inda ruwan Kogin Kwara ya tsaya a ambaliyar 2012 da ta 2020, domin filin da ya yi araha da rani yakan nuna dalilinsa da damina.

Masu gina shaguna da ɗakunan ajiya a Tsamiya da sauran garuruwan kan iyaka su tuna da watan Agustan 2019, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa. Hayar da ta dogara ga zirga-zirgar 'yan kasuwa kaɗai tana iya tsayawa dare ɗaya. A ganinmu, bai dace mutum ya ci bashi ya yi irin wannan gini ba.

Game da haya, a rubuta yarjejeniya ko da da ɗan'uwa ne: kuɗi, wa'adi, da wanda zai ɗauki nauyin gyara, a kuma ba da rasit. Idan ɗan hayar daga Segbana ko wani gari na Benin ya fito, a fayyace ko da naira za a biya ko da sefa. Inda ba a rubuta wa'adin tashi ba, abin da kotuna suka saba bi shi ne sanarwar wata ɗaya ga mai biyan wata-wata, wata shida ga mai biyan shekara. Mai gida ba shi da ikon cire ƙofa ko kwano, ko watsar da kayan ɗan haya. Idan sulhu a gaban Mai Unguwa ya gagara, sai a garzaya kotu.