Erwin Chargaff, masanin da ya auna gado da saifar sa

Mahaucin da ke yanka saifa a Gariki ta Inugu ba zai zaci akwai ranar da irin wannan tsoka ta shiga tarihin kimiyya ba. Amma da saifar sa da kayan cikin maraƙi Erwin Chargaff ya fara aikin da ya fitar da sunansa.

An haife shi a 1905 a Czernowitz, garin da yau ke cikin Yukren. Ya yi digirin dakta a Biyana a 1928, yana aiki a Balin lokacin da Hitila ya hau mulki a 1933. Da yake Bayahude ne, sai ya tsere Faransa, daga nan ya wuce Jami'ar Columbia ta Amurka a 1935. Mahaifiyarsa ba ta tsira daga 'yan Nazi ba.

A 1944 Oswald Avery ya nuna cewa sinadarin DNA ne ke ɗauke da gadon halitta. Chargaff ya karkata akalar bincikensa gaba ɗaya zuwa DNA. Sai ya narkar da sinadarin, ya ɗiga a kan takardar tacewa, sassansa huɗu, wato A da T da G da C, su rarrabu, ya auna kowanne da haske. Zuwa 1950 ya gano cewa yawan A daidai yake da na T, na G daidai da na C, ko a sa, ko a yis, ko a mutum.

Ya samu lissafi, siffar ce ta kuɓuce masa. A 1952 ya haɗu da James Watson da Francis Crick a Kambirij, ya raina iliminsu, amma ya faɗa musu abin da ya gano. Shekara na zagayowa suka bayyana DNA a matsayin zare biyu murɗaɗɗu, A na riƙe da T, G na riƙe da C. Kyautar Nobel ta 1962 ta tafi gare su da Maurice Wilkins, kuma Chargaff bai ɓoye ɗacin da ya ji ba. A ganina yana da hujja. Ya rasu a New York a 2002.

Masu zuwa gwajin jini kafin ɗaurin aure a Anacha ko Fatakwal su sani, asalin sikila harafi ɗaya ne tak a cikin DNA: T ta zauna a gurbin A.